Bencin Baban Sauti

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kafin kowa ya iso ɗakin taro, Baban Sauti ya riga ya buɗe tagogi, ya tuɓe takalmi, yana bin lungu-lungu yana tafa hannu don ya ji yadda bango ke mayar da amo. Baƙo sai ya ce mutumin nan ya taɓu. Ina! Aiki yake.

Sau nawa wata daga cikin mahalarta taro ta taso masa a fusace: "Baba, kiɗan nan zai fasa mana kai!" Sai ya ce, "To, ranki ya daɗe." Ya je ya kashe fararen fitilu biyu, ya kunna fanka, na'ura kuwa ko taɓa ta bai yi ba. Can sai ka ji ta: "Yauwa, yanzu ka yi aiki!" Shi kuma ya raɗa mana, "Idonta ne ya gaji, ta ɗora wa kunne laifi."

Amma abin da ba ma mantawa shi ne ranar yaye ɗalibai. Wata yarinya da za ta rera waƙa ta same shi yana jan waya, idonta jawur.

"Baba, Ummata kurma ce, ba ta taɓa jin muryata ba. Ta ce ba za ta zo ta zauna kamar gunki ba."

"Je ki ce mata na ajiye mata wuri."

Ya jawo wani tsohon bencin katako daga sito, ya dasa shi a sahun gaba, ya kifa babbar lasifika a gefensa, ya juyo fitila ɗaya kan fuskar mai waƙa. Shugaban makaranta ya yi tsalle ya dire, wai an ɓata masa wurin manyan baƙi.

"Yallaɓai, gobe ka sa a kore ni. Yau dai bencin nan yana nan."

Uwar ta zo, tana ɗari-ɗari. Ya nuna mata ta cire takalmi, ta dafa katakon da tafin hannu. Yarinya ta ɗauki waƙa. Katako na rawa a ƙarƙashin hannun uwar, idonta na kan bakin 'yarta, sai ga kanta yana bin kiɗa daidai. Ta yi kuka, mu ma wallahi muka taya ta.

Kai ne ka yi wannan, Baba, gwanin da ba a tafa wa. Ka tsaya gindin lasifika don wasu su ji daɗi, har ta cinye maka kunnuwa.

Ranar walimar ritayarsa, a wannan ɗakin taron dai, ya raɓe a can baya, yana murmushin ƙarfin hali, don kiɗan ba ya isa gare shi. Abin ya sosa mana rai, amma mun rasa yadda za mu yi. Sai ga kurmar nan, uwar yarinyar, ta ratsa jama'a.

Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu aiki da jama'a, ku riƙa duba wanda aka bari a baya, kamar yadda ita ta yi: ta kama hannunsa har gaban bencin, ta nuna masa ya cire takalminsa.