Manya Biyar a Falon Rhonda

Shekara ashirin da shida Rhonda Kessinger ta yi tana ɗaure igiyar takalman 'ya'yan mutane a garin nan namu na bakin kogin Ohio, sannan aka wayi gari aka ce ba ta da takarda. Ajinta shi ne na 'yan shekara uku zuwa huɗu, a makarantar rainon yara da ke bayan tsohon kamfanin gilashi. Rabin makanikan garin nan da direbobin motar asibiti, ita ta koya musu fyace majina. Duk da haka hukumar da ke riƙe da makarantar ta fito da sabuwar doka: duk mai riƙe da aji, sai ta kawo digirin shekara biyu cikin shekara uku. In ba ta kawo ba, ta koma mataimakiya, a ba wata ajin.

Madam Tackett, shugabar makarantar, ita ta kira ta ofis ta faɗa mata, tana ta juya biro a hannu.

"Ni ma ba a son raina ba ne, Rhonda. Daga sama abin ya zo."

"To wa za a ba ajin nawa?"

"Ba wadda za a ba in kin yi karatun. Kwalejin gundumar nan tana yi ta intanet, kina daga ɗakinki. Ba wani abu ba ne."

Ba wani abu ba ne, in ji wadda ta yi nata karatun tun gwiwoyinta na da mai. Rhonda kuwa shekararta hamsin da ɗaya a lokacin. Ta san kwalejin ma. Tana da shekara goma sha tara ta shiga, ta yi zango ɗaya, sai ga cikin 'yarta Carrie, sai aure da Lonnie. Lonnie ya ce ta bari sai baɗi. Baɗin nan ya yi ta zuwa yana wucewa har auren ya mutu bayan shekara goma sha huɗu. Carrie ta girma ta tafi Texas, aka bar Rhonda a gidan da mahaifiyarta, Mama Opal, tsohuwa mai shekara tamanin da ke yawo da robar iska a hanci, amma bakinta lafiyarsa ƙalau.

Da kwalejin ta aiko da jerin darussa, Rhonda ta ga kashi biyu ne. Rabi na rainon yara, waɗannan ko a barci aka tashe ta za ta amsa. Ɗaya rabin su ne darussan dole, waɗanda ko walda mutum ya zo karantawa ko jinya, sai ya bi ta kansu: rubutun Turanci sau biyu, lissafi, kimiyya mai gwaji, tarihi, kiɗa ko zane, sai kuma magana a gaban jama'a. Ta buga waya ta tambayi matar da ke ba ɗalibai shawara abin da ya haɗa canza wandon yaro da lissafi. Matar ta ce ana so ne mutum ya fito cikakke. Rhonda ta ce to, ta gode, ta kashe wayar.

Lokacin karatunta shi ne lokacin barcin yara, daga sha biyu da rabi zuwa biyu na rana. Sai ta rage fitila, ta zauna a 'yar kujerar yara gwiwoyinta na neman haɓarta, ta buɗe kwamfuta a kan teburin da ke danƙo da ruwan lemo. A haka ta faɗi lissafi, ta maimaita, ta tsallake da ƙyar. A haka ta sa abin ji a kunne tana sauraron kiɗan mutanen da suka mutu shekara ɗari biyu da suka wuce, hannu ɗaya na bubbuga bayan yaro, har ranar da barci ya kwashe ta, wata yarinya ta taɓa ta ta ce, "Malama Rhonda, kina minshari."

Kimiyya kuwa a kwali aka aiko mata ta gidan waya, har da idon saniya a cikin leda. Ta feɗe shi a teburin kicin ranar Asabar, ta ɗauki hoto ta tura. Mama Opal ta yi sati guda tana cin abinci a cinya.

"Na haifi 'ya, ashe mahauciya na haifa," in ji ta. "Wai duk don a bar ki ki goge majinar da kike gogewa tun ba a haifi malaman naki ba?"

"Haka suka ce, Mama."

Gaskiyar magana, Rhonda ta gaji. Ba irin gajiyar da ake kwana a tashi babu ba. Shekara biyu da rabi ba ta san hutun rana ba, lambun tumatirinta ya koma ciyawa, ta daina zuwa rera waƙa a coci. Abu ɗaya ya riƙe ta: ɗakin ajinta mai tagar gabas, da ƙugiyoyin rataye riguna goma sha bakwai da take rubuta wa suna da hannunta kowace shekara. Ba ta iya tunanin ta tsaya a gefe tana miƙa wa wata almakashi a cikinsa.

Darasin magana a gaban jama'a ta bar shi na ƙarshe, a zangon bazara, wanda daga shi sai wa'adin Agusta. Ta bar shi ne don ta raina shi. Mace mai magana awa takwas a rana, me za a koya mata? Babban aikin darasin shi ne jawabi na minti shida, a ɗauka a bidiyo a gaban masu sauraro, kuma wanda bai ci shi ba bai ci darasin ba. Rhonda ta karanta umarnin da ido ɗaya, ɗayan na kan wani yaro mai neman cusa alli a hanci. Masu sauraro? Ai tana da goma sha bakwai. Ranar Talata da safe ta jingina waya a bayan aji, ta zaunar da yara a kan darduma, ta yi musu bayanin yadda ƙwayar wake ke tsirowa a cikin kofi da jiƙaƙƙiyar auduga. Minti shida cur, ba wanda ya motsa. Duk wanda ya san 'yan shekara uku ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Ranar Alhamis amsa ta zo daga malamin, wani Malam Ostrander da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Ya ce jawabin ya yi kyau, amma ba zai iya ba ta ko maki ɗaya ba. Shafi na biyu na umarnin ya ce masu sauraro su zama manya biyar, 'yan shekara goma sha takwas zuwa sama, a nuna su a kyamara a farko, a sake nuna su a ƙarshe, ba tare da an yanke bidiyon ba. Ya ba ta zuwa ƙarfe biyar na yammacin Lahadi ta sake.

Ta zauna a 'yar kujerar tana kallon saƙon har yara suka fara tashi. Ga abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba: a gaban manya muryarta maƙalewa take yi. Ko a taron iyaye, Madam Tackett ce ke magana, ita tana baya tana raba kofi.

Haɗa manya biyar wuri ɗaya a garin da kowa ke aikin karɓa-karɓa, ba kamar yadda ake zato ba ne. Mama Opal ɗaya. Yayanta Dewey, manomi, da matarsa Faye, uku. Bernice mai dafa abincin makaranta ta ce za ta zo in an ba ta kek, huɗu. Matar fasto ta yi alkawari, sai ranar Lahadi da rana aka yi rasuwa a ƙetaren kogi ta bi mijinta. Rhonda ta buga wa mutum shida, wannan yana bakin aiki, wannan ya tafi kamun kifi. Ƙarfe biyu da rabi ta tsaya a kicin ta daɗe tana kallon wata lamba, sannan ta danna.

Lonnie ya zo cikin minti ashirin, ya yi ƙiba, hularsa a hannu.

"Sannu, Mama," ya ce wa tsohuwar.

"Ba ni na haife ka ba. Zauna can ƙarshe, kada ka taka min roba."

Aka jera su a falo, uku a doguwar kujera, biyu a kujerun kicin. Rhonda ta bi su da waya ɗaya bayan ɗaya, ta jingina ta a kan gwangwanayen madara, ta tsaya da kofinta na wake. Dewey ya leƙa kofin.

"Wai wake za ki koya min? Ni? Eka arba'in na shuka bana."

"Yaya, don Allah ka yi shiru na minti shida."

Ta fara. Muryar ta fito siririya tana rawa, tana karantawa daga takardar hannunta. Ta daure, ta kai ƙarshe da gumi a wuya, ta ɗauki waya ta juya kan masu sauraro. Mutum huɗu. Kujerar Mama Opal babu kowa, sai robar iska da ta miƙe ta shige kicin.

"Mama!"

"Waken da ke kan wuta fa? In bar shi ya kama don naki na kofi?"

Aka sake. A minti na huɗu wayar Bernice ta ɗauki ƙara, ta amsa kuwa, ta ce, "Ina wajen jarrabawa, zan kira ka." Faye ta fashe da dariya, Dewey ya ce shi fa shanunsa na jiransa. Agogon bango ya nuna huɗu da minti goma. Rhonda ta ajiye kofin ta dafa bango. Ta ji kamar ta ce kowa ya tafi gida, a ba wa duk wadda za a ba ajin, ita ta kwanta.

Lonnie ne ya yi magana, yana murza bakin hularsa.

"Da na bar ki kin ƙarasa tun wancan lokacin, da yanzu ba ma nan."

Shekara talatin da wani abu ta jira wannan maganar, ga shi ta zo a lokacin da ba ta da ƙarfin yin komai da ita. Ta dube shi kawai ta ce, "Zauna daidai."

Ta kunna waya karo na uku, ta nuna su, ta koma ta tsaya. Ta buɗe baki ke nan sai ta ga Dewey na kaɗa ƙafa, Lonnie na wasa da hula, Bernice na leƙen jaka. Ba ta san lokacin da ta tafa hannu sau biyu ba.

"Hannu a cinya. Baki a rufe. Ido a kaina. Lonnie, da kai nake."

Ƙafar Dewey ta tsaya. Hula ta sauka a cinya. Har Mama Opal ta gyara zama. Sai muryar nan ta zo, wadda garin ya sani, mai taushi ba gaggawa. Ta manta da takarda. Ta ɗaga ƙwayar wake ta ce a cikin nan akwai wanda ke barci, kuma ba a tashinsa da tsawa, ruwa kaɗan ake ba shi kullum a jira. Ta nuna jijiyar da ke fara fitowa, ta ce ita ƙasa take nufa tukuna, babu mai ganinta, sai daga baya ganye ya fito kowa ya yi ta yabo. Da ta juya kyamara, mutum biyar na zaune tsit. Dewey ya share makogwaro ya ce shi bai taɓa lura jijiya ce ke riga fitowa ba, wanda ƙarya yake yi, amma ta ji daɗi. Biyar saura kwata bidiyon ya tafi.

Ranar Laraba da rana, yara na barci, sakamakon ya shigo. Saba'in da huɗu. Ta ci, takarda ta kammala, aji nata ne. Ta zaci za ta yi kuka ko ta yi tsalle, amma sai ta ji kawai bayanta na ciwo. A ƙasan makin Malam Ostrander ya rubuta cewa ya rage mata ne a wuri ɗaya: tun daga farko har ƙarshe idonta na ƙasa, wajen gwiwoyin masu sauraro. Ya ba ta shawara ta koyi ɗaga kai ta dubi mutane a fuska.

Ta karanta sau biyu, ta rufe kwamfutar.

Satin farko na Satumba ta rubuta sababbin sunaye goma sha bakwai ta liƙa a kan ƙugiyoyi. Da safe wata mata ta kawo ɗanta, ta zare hannunta daga nasa ta fita da sauri kafin ta makara aiki. Yaron ya tsaya a bakin ƙofa, igiyar takalmi a kwance, leɓensa na rawa, yana kallon ƙafafun manya suna wucewa ta kansa. Rhonda ta dafa teburi ta sauka a hankali, gwiwa ɗaya ta yi ƙara, sannan ɗayar, har idonta ya zo daidai nasa.

"Ga ni nan," ta ce. "Kawo ƙafar."