Haruffan Ofelia

Ofelia Barragan ba ta fi ni da komai ba, a fara sanin wannan. Layi ɗaya muka taso a San Jose, can Amurka, tare muka yi aikin yankan 'ya'yan itace a kamfanin gwangwani. Da aka fara sare gonaki ana kafa masana'antun lantarki, ni na ji ana ɗaukan mata a Mountain View, ni na ja ta muka je. Ko motar da za a shiga ba ta sani ba.

Aikinmu yankan jar leda ne. Injiniya zai zana hanyoyin da wuta za ta bi, mu shimfiɗa leda a kan teburi mai fitila, mu bi layi da 'yar wuƙa muna ɓarewa. Sai a ɗauki hoton a yi ta rage shi har ya hau ƙwayar silikon, wato ƙwaƙwalwar na'ura, da ba ta kai farcen jariri ba. Al'adar ɗakinmu kuwa, wadda ta yanke ledar ƙarshe ita ke sa haruffan sunanta a kusurwa. Na mutum ɗaya kawai wurin ke ɗauka.

Ƙwayar na'urar lissafi, wadda ta ɗaga kamfaninmu, ni na yanka mafi yawanta, da tsohon ciki, ina jingina shi da bakin teburi. Saura leda ɗaya naƙuda ta taso. Ofelia ta raka ni har mota tana cewa, “Je ki, Lurdes, ki sauke wannan buhun, aiki ba ya gudu.” Ashe yana gudu. Injiniya Halvorsen ya ce ba za a jira mai jego ba, ta yanke, ta sa O.B.

Ko da na dawo, an fara ba kwamfuta aikin yanka. Aka mayar da ni sashen duba ƙwayoyi. To ku ji baƙin ciki: shekara da shekaru ina kifa ido a madubin ƙara girma, kowace ƙwaya na ɗauko, ga sunan Ofelia a kusurwa yana kallona. Wallahi har abinci ya riƙa fita kaina.

Ita kuwa ta auri wani ma'aikacin gidan waya, ta haifi huɗu, ta bar aiki ta koma dafa tamale, wani irin alalen masara, tana kai wa coci. Ko sau ɗaya ba ta yi mini gori ba, kuma wannan ya fi ci mini rai.

Bara aka yi mata walimar cika shekara tamanin. Ciwon suga ya cinye mata ido. Ta ciro ƙwayar da take rataye da ita a wuya, ta ce da sunanta a ciki. Jikoki suka kwashe da dariya. Babbarsu, wadda ke aiki a wani kamfanin waya, ta ce, “Haba Kaka, a wannan ɗan ƙurar? Ke dai tamale muka san ki da shi.”

Ofelia ta juyo wajen da ta ji tarina. “Lurdes, ke kin gani. Gaya musu.”

Halvorsen ya mutu, matan ɗakinmu sun ƙare, kamfanin an sayar an sake sayarwa. Ni kaɗai na rage. Da na ce na manta, shi ke nan, mun yi daidai ni da ita. Na jima ina juya cokali.

“Haruffan suna nan,” na ce. “Kuma a karkace ta yanka su, don hannunta bai taɓa miƙewa ba.”

Aka yi ta tafi, jikar ta rungume ta tana hawaye. Babu wanda ya tambayi ko wa ya yanka sauran ledojin.

Ɗana Anselmo, wanda na bar ledar nan na je na haifo, yana gefena yana cin kek. Ya goge baki ya ce, “Au, Mama, ashe ke ma a can kika yi aiki?”