Ladi da Ƙarfenta Mai Halin Gilashi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar matata, Ladi, wadda ta ƙare ƙuruciyarta a wani ɗakin bincike a unguwar Bloomsbury, nan ƙasar Turawa, tana narka ƙarfe. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ni na zauna da wadda ta dafa ƙarfe.

Direban tasi ne ni, don haka da alewa ta fahimtar da ni aikinta. Ta ce idan ka narka sukari ka bar shi, ƙwaya-ƙwaya yake komawa, amma in ka ɗiga masa lemon tsami, sai ya daskare garau. Haka ƙarfe yake. In an gauraya shi da wasu ƙarafa aka sanyaya da gaggawa, ƙwayoyinsa ba sa samun sukunin jeruwa, sai ya ɗauki halin gilashi: ga ƙarfi, amma farat ɗaya yake karyewa. Ita kuwa tana neman abin da za a ɗan ƙara a ciki, ya bar wasu 'yan ƙwayoyi su tsiro su tare tsaga. Azurfa take sakawa cikin haɗin jan ƙarfe. Wani awon ya fashe, wani kuma gilashin ya ƙi samuwa. Haka ta yi ta fama shekara da shekaru, kullum in ya ƙi sai ta ce abu ɗaya za ta canja, ta sake.

Da likitoci suka ce ciwon daji ya kai hantarta, na so ta huta a gidanmu na Dagenham. Ta ce, "Baban Rahila, in na kwanta, ciwon kaɗai zan riƙa saurare. Kai ni wurin aiki." Na riƙa kai ta. Wata rana ta fito tana dafe da kafaɗar ɗalibarta, ta miƙo mini wani siririn ƙarfe kamar tsinken tsire, ta ce in lanƙwasa. Na danna. Ya lanƙwashe, bai karye ba. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ba ta kai Kirsimeti ba.

Ɗalibar nan, wadda yanzu ita ma malama ce, ta gaya mini cewa yau kwamfuta ke hasashen haɗin da zai yi kyau tun ba a kunna wuta ba. Nakan tambayi kaina, da Ladi na raye, za ta ji haushin shekarun da ta kwashe tana fama? Ba na zato. Murna za ta yi, sannan ta ce a narka a gani tukuna, don gani ya kori ji.

Babu wani kaya a kasuwa mai ɗauke da sunanta, masu karanta rubutunta ma ba su da yawa. Abin da ta bari a gida yake. Bara 'yarmu Rahila ta faɗi jarrabawar aikin jinya. Na shirya lallashi, sai ta share ido ta ce da Hausarta mai gargada, "Baba, abu ɗaya zan canja, in sake."

Ba ta san muryar wa na ji ba.