Jar Masarar Kaka

A cikin ɗan gwangwanin da nake ajiye kayan lissafi akwai wata ƙwayar masara ja. Ta bushe ta yamutse, gefenta guda ya yi baƙi saboda garin fensir. Tun damina biyu da suka wuce take nan, kuma ban taɓa gaya wa kowa inda na tsince ta ba.

A shekarar ne Yayata ta gama karatun aikin gona a Zariya, aka tura ta sanin makamar aiki wajen wani kamfanin iri mai ƙaramin ofis a Makarfi. Su da yawa aka ɗauka, aka ce kowa ya kula da gona guda ta farar masara wadda za a mayar iri. Wanda gonarsa ta fito da tsabta, shi za a riƙe a ba shi aiki. Sauran a sa musu hannu a littafi, su kama gabansu.

Yaya ta roƙa aka ba ta gonar Babanmu da ke bayan ƙauyenmu, a yankin Janfalan. Ranar da ta dawo da hular kamfanin, koriya mai baki, a kan hijabi ta ɗora ta tana zagaya tsakar gida. Inna ta ce ta yi kama da mai sayar da maganin ɓera a kasuwa. Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ni nake raka ta gona idan na taso daga makaranta, don Baba bai yarda ta riƙa tafiya ita kaɗai ba. A hanya take yi mini bayani, ko da ban tambaya ba. Ta ce furen da ke fitowa a saman masara yana zubar da wani gari mai laushi, iska ta kwashe shi ta kai kan gemun da ke bakin goyo, kowane silin gemu kuma ƙwaya guda ne. Idan garin wata masara dabam ya sauka a kai, irin ya gauraye, an gama. Saboda haka ba a son wata masara kusa da gonar iri. Da tsinke ta zana mini a ƙasa, kuma na gane sarai.

Gabas da gonarmu rafi ne, arewa hanya, kudu rake. Ta yamma kuwa, iyaka da iyaka, gonar Kaka ce, mahaifin Babanmu. Da ogan Yaya ya zo duba wuri, ya nuna ta da makullin mota ya ce, “Nan fa?”

“Ta tsohona ce,” in ji Baba. “Bara gyaɗa ya yi, bana ya ce dawa zai sa.”

Oga ya rubuta a takarda, aka wuce.

Mun yi shuka bayan ruwa na uku. Kwana huɗu da haka, ranar Asabar, Yaya ta tafi Kudan tare da 'yan ofis, Inna ta aike ni in kai wa Kaka fura a gonarsa. Na same shi da mutum biyu, ɗaya na sara da sungumi, shi da ɗayan suna bi suna jefa iri suna takewa. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, “Ga ƙaramar amaryata. Uwargidan tana ina? Ta bi kamfani ta bar ni da yunwa?”

Yana ajiye ƙoƙon irin don ya karɓi furar, 'yan ƙwayoyi suka zube kusa da ƙafata. Ba dawa ba ce. Jar masararsa ce, wadda yake ratayewa a saman murhun kakarmu hayaƙi yana bugunta shekara da shekaru, wadda yake cewa daga hannun mahaifinsa ya karɓa. Na ji yana gaya wa mai sungumin cewa ƙasar da ta ci gyaɗa bara, asara ce a ba ta dawa.

Na sa yatsun ƙafa na jawo ƙwaya ɗaya, na ɗauke ta lokacin da nake gyara takalmi. Duk hanyar gida ina shirya yadda zan faɗa. Da Yaya ta dawo da la'asar, ta zo mana da dankali, tana ba Inna labarin yadda oga ya yaba layukanta a gaban kowa, ya ce kamar da zare aka ja su. Na tsaya a bakin ƙofa da ƙwayar a tafin hannuna har ta yi gumi. Na ce bari ta ci abinci tukuna. Da ta ci, na ce bari gobe. Gobe kuma sai na fara tunanin watakila layi biyu kawai ya sa na gasawa, sauran dawa ce. Ni a aji ma, ko na san amsa ba na ɗaga hannu.

Masara da dawa idan suna ƙanana, daga nesa ba a rabe su. Yaya tana hango kore a gonar Kaka tana wucewa. Sai da shuka ta kai gwiwa, wata safiya ta tsaya a kan iyaka, ta kama ganye guda ta shafa faɗinsa. Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago ba ta dube ni ba, ta ce, “Masara ce.” Na ce, “To.”

Da a ranar shuka aka sani, da Baba ya iya zuwa da dawa a kwano ya lallaɓa, a sake shuka, ba wanda zai ji ciwo. Yanzu kuwa abinci ya tsiro. A wajenmu ba a tumɓuke abin da Allah ya raya, balle na tsoho.

Yaya ta fara da Baba. Yana zaune a zaure yana gyara igiyar shanu, ya saurare ta har ta gama. Ya ce, “Ni ɗan fari ne. Tun da nake ban taɓa zama na ce masa ga yadda zai yi da gonarsa ba. Da wane baki zan fara?” Ya ƙara da cewa, “Ke ai jikarsa ce. Ke kike da bakin faɗa masa komai.”

Gaskiya ne, jika tana faɗa wa kaka abin da ɗa ba zai iya ba. Muka same shi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Yaya ta gaishe shi ta zauna a ƙasa, ta cire hular, ta yi magana a hankali. Ta ce masararsa za ta ɓata tata.

“Kishi kike da ita,” in ji Kaka. “Kin ga ta fi taki kyau.”

“Kaka, ba wasa nake ba.”

“Haka kakarku take cewa idan tana son sabon zane.”

“Aikina ne a kai. Idan garin furen taka ya hau tawa, ba za su karɓa ba.”

“To ki gaya wa taki ta riƙa rufe fuska, ai 'yar boko ce. Tawa 'yar ƙauye ce, ba ta zuwa zance gidan kowa.”

Tsofaffin da ke zaune tare da shi suka kwashe da dariya. Yaya ta ce to ko zai bari idan fure ya fito a zare masa shi, ita da kanta za ta yi. Kaka ya kama haɓa. Ya ce, “Yau ga mace za ta yi wa mijinta aski. Masarar da aka cire wa kai, da me za ta yi goyo? Tashi ki kawo mini goro, in yafe miki.”

Sau uku tana komawa. Duk yadda ta ɗaure fuska, sai ya ce ta iya wasa fiye da duk jikokinsa. A zuwa na uku hawaye ya zubo mata, ya ce, “Kai, har da kukan amarci,” ya ciro alewa daga aljihu ya miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, don ba a mayar wa kaka kyauta. Ina ganin alewar a kan tagar ɗakinmu har tururuwa suka gama da ita.

Da oga ya dawo ya gani, bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce saura dabara ɗaya, kuma ba a hannun kowa take ba. Tamu mai saurin nuna ce, ta tsoho mai nauyi. Idan gemun tamu ya bushe kafin furen tasa ya buɗe, an tsira.

Daga nan kullum da sassafe, kafin in tafi makaranta, sai mu je mu tsaya a iyaka. Tamu ta yi fure, ta fitar da gemu fari-fari mai sheƙi. Ta Kaka tana tsaye kore shar, kanta a dunƙule. Yaya ta riƙa taɓa gemun tamu tana cewa, “Bushe mana, bushe.” Na layukan farko ya fara yin ja, ya soma ƙanƙancewa. Har Yaya ta koma cin abinci sosai.

Ni na fara gani. Wata Talata, a can tsakiyar gonar Kaka, wani kara da ya fi sauran tsawo ya buɗe kansa. Washegari sun yi goma. Ranar Alhamis gonar duka ta buɗe, kuma rabin gemun tamu ɗanye ne. Hantsi ya yi, raɓa ta bushe, iska ta taso daga yamma a hankali kamar yadda take yi kullum. Ba a ganin garin a sama. A kan baƙin hijabin Yaya na gan shi, ɗis-ɗis a kafaɗa, kamar an barbaɗa garin ɗorawa. Ta duba kafaɗarta, ta duba tawa. Ta ɗaga hannuwa biyu sama kamar mai tare kaji, sai kuma ta sauke. Muka tsaya a wurin har na makara zuwa makaranta, aka yi mini bulala biyu a bakin ƙofa.

A littafin da take rubuta aikin kowace rana, shafin Alhamis ɗin kwanan wata kawai ke jiki.

Da lokacin girbi ya yi aka karya masara, oga ya zo da wani mai duba iri. Suka ɗebo daga yamma, daga tsakiya, daga gabas, suka ɓare a kan tabarma. Farar masara ce mai kyau, cike har baki, amma a jikin kowace akwai jajayen ƙwayoyi a warwatse, nan uku, can bakwai. Har na bakin rafi ba su tsira ba. Mai duba irin ya ce wannan ta tuwo ce. Oga ya sa wa Yaya hannu a littafi, ya ce ta yi ƙoƙari, Allah ya kawo wani rabon. Wani saurayi mai gona a Paki aka riƙe.

Da yamma Kaka ya zo ganin amfani. Ya ɗauki guda ya juya ta a hannu, fuskarsa ta cika da murna. Ya ce, “Kin gani ko? Duk gudun da kika yi, sai da muka haɗa zuri'a.” Baba yana tsaye, ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya gaya wa Kaka cewa Yaya ta rasa aikin, har yau.

Bayan kwana biyu ya aiko wa Yaya da damin jar masara guda shida, zaɓaɓɓu, an ɗaure su da ɓawonsu, masu warin hayaƙi. Ya ce a gaya wa malamar iri ta ajiye, kada irin gidansu ya ɓata a hannunta. Bai taɓa ba wani jika ba. Yaya ta rataye su a saman murhun Inna da hannunta.

Yanzu tana tsaron shagon maganin feshi na wani mutum a Ikara, tana dawowa ranar Juma'a. Sau ɗaya na kusa faɗa mata. Muna surfe, na ce, “Yaya.” Ta ce, “Na'am?” Na ce taɓaryarta ta tsage a baki. Ta duba, ta ce ai ta daɗe a haka.

Masarar da kamfani ya ƙi ta kai mu har wata damina. Tuwonta ba fari sol ba ne, akwai ɗan ja-ja a ciki idan aka duba da rana. Inna ta ce ya fi na bara daɗi, kuma ban ji wanda ya musa mata ba.