Ranar da Inna ta kira sunana

"Hadiza!"

Ina kwance a likita, ana shirin shiga da ni ɗakin fiɗa, sai na ji sunana a bakin Inna. Wallahi har ciwon na manta.

Ni ce ɗiyarta ta fari, kuma kun san mutanen Maradi da kunya. Shekarata talatin da huɗu, ba ta taɓa faɗin sunana ba. Kullum "ke". Ko maƙwabciyarmu ta unguwar Yantala mai irin sunana, "matar tela" take ce mata.

Kwana biyu cikina na murɗa ta gefen dama, aka ce apandisit ne, sai an yi aiki. Inna ta riƙe hannuna.

"Hadiza, in na taɓa ɓata miki rai, ki yafe mini."

"Inna, me kika ce?"

"Kin ji ni sarai."

Sai babban lokotoro ya zo ya ce a fara yin sikanar, wato hoton ciki. Ashe wani ɗan kitse ne da ke jikin hanji ya murɗe ya kumbura. Ya ce ba a cika ganin irinsa ba, magani da hutu sun isa.

Da muka koma gida ta kawo mini kunu. "Ke, tashi ki sha."

Na ce, "Inna, ina sunan nan?"

Ta kau da kai tana gyara kallabi. "Ai ba a yi aikin ba."

Sau biyu ta faɗa, kuma na adana su. Ƴan fari, cikinku wa ya taɓa jin nasa?