Dutsen Randar Kawu

Mu mutanen Gashuwa a yi mana uzuri, ƙasarmu ba dutse. Yashi ne da laka, ko kare za ka jefa sai ka nemi tsingaro. Don haka ranar da Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya dawo daga kasuwar Nguru da wani dutse ruwan ɗorawa, girman ƙwan agwagwa, unguwa ta taru kallo.

Lokacin ƙafafunsa sun fara kumbura, kuma a garinmu kowa ya san inda wannan ya dosa: ƙoda. Inna ta yi ta fama da shi ya je asibiti. Ina! Ai ya samo babban likita. Mai dutsen ya ce a jefa shi a randa, zai zuƙe duk cutar da ke cikin ruwa.

"Yaya, dubi launinsa," in ji Kawu. "Cutar mutane ya sha har ya koma haka."

Kyau dai yana da shi, ga santsi kamar daskararren man shanu. Kawu ya karce shi da wuƙar gyaran kifinsa, ko alama. Shi ke nan, hujja ta cika! Na ce, "Kawu, irin dutsen da ake ferewa a yi tsakiyar adon wuya ne fa. A ƙarƙashin ƙasa yake daskarewa, dangin yashi ne, tsatsar ƙarfe ta rina shi."

"Madalla, Bature. Yashi ne amma ya gagari wuƙa?"

Dutse ya yi damina a randa, ya yi rani, aiki ba hutu. Maƙwabta har aro suke aikowa. Kawu kuwa takalmi ya daina shigarsa. Da fuska ta kumbura, sai ya ce ai cutar ce ke neman hanyar fita. Ranar da ya yarda a kai shi asibitin Nguru, ɗaukarsa muka yi. Likita ya dube mu ya ce, "Sai yanzu?" Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma ban san da wa zan yi faɗan ba.

Bayan an rufe Kawu, matarsa ta tsamo dutsen. Lafiyarsa ƙalau, ko ramewa bai yi ba.

A maƙabartarmu iska kan share kabari, tsingaron alama kuma ya farfashe. Na kai dutsen na dasa wajen kan Kawu. Ruwa bai ci shi ba, rana ba ta kashe launinsa ba. Da shi nake gane inda zan tsaya in yi masa addu'a.