Ranar da ƙanƙara ta narke a Guéné

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, akwai wata ranar Talata ta tsakiyar bazara da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Har yau in na tuna ta sai in ji zumuɗi ya kama ni, kamar yanzu ne muke cikin motar nan tana tsalle da mu a kan hanya.

A lokacin ina aiki da masu yi wa dabbobi allurar rigakafi a Malanville. Mu biyar ne: shef, wato shugaban aikinmu, shofer mai tuƙa mu, masu allura biyu, sai ni. Ni ɗan makiyaya ne daga wajen Toumboutou, an ɗauke ni ne don na iya kama shanu, kuma ina jin Fulatanci da Dendanci da Hausa. Bayan kamun shanu da tafinta, ni ke haɗa akwatin sanyi kowace safiya, in jera kwalaben magani, in kewaye su da ƙanƙara. Maganin nan in ya sha zafi mutuwa yake yi, amma a ido ba ka ganin bambanci.

Shef ɗinmu na farko ya san aiki, sai dai in ka yi kuskure, a gaban makiyaya zai wanke ka tas. Shekara uku a ƙarƙashinsa suka koya mana abu guda: in ka gani, ka yi shiru. Da aka canza shi aka kawo mana wata lokotoro, wato likitar dabbobi, daga kudu, mace mai sanyin magana, Hausarta ta kasuwa ce. Wata guda kawai ta yi da mu, ba mu gama sanin halinta ba, don haka shirunmu muka ci gaba da yi.

Ran nan da safe na buɗe tsohon firigon da muke daskarar da ruwa, na taɓa ƙanƙarar na ji ta yi laushi. Na san ba daidai ba ne. Amma mota na jira, rana na hawa, sai na ce a raina ai garin Guéné da za mu je ba nisa. Na zuba na rufe, ban gaya wa kowa ba.

Muka isa wani fili bayan garin, muka tarar da shanu birjik, ƙaho ko'ina. Ciwon huhu ya fara ɓulla a wasu rugage, shi ya sa kowa ya koro garkensa tun asuba, ba a ko kai su ruwa ba. Har kawuna yana ciki, ya hango ni ya ɗaga sanda yana dariya. Na buɗe akwati, na sa hannu, sai na ji ruwa mai ɗumi. Kwalaben suna iyo a ciki.

Babba a cikin masu allura, dattijon da muke kira Baba, ya leƙo ya gani. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ruhe abin nan, ka ruhe bakinka. A yi hakanan, wa za shi sani? Kana da iyali hwa." Ba mugu ba ne, tsoro ne ya cinye shi kamar yadda ya cinye ni. Na dubi shanun kawuna, na san in aka yi musu wannan allura, ruwa kawai aka ɗura musu. Na kuma san in na yi magana, wataƙila yau ne ƙarshen aikina.

Ina tsaye da igiya a hannuna, sai na ji muryar shef. "Malam, zo ka kama mani wani abu." Ta ja ni bayan mota, inda ba mai jin mu. Ba abin da za a kama. Ta miƙo mini gorar ruwa ta ce, "Sha tukuna. Tun ɗazu nike kallonka, huskarka ba ta safe ba ce. Mi ya hwaru? Gida lahiya?"

Na ce gida lafiya. Sai maganar ta zubo da kanta, na gaya mata komai, har da cewa tun a biro, wato ofishinmu, na ji ƙanƙarar ta yi laushi na yi shiru.

Na ga fuskarta ta sauya, jijiyar wuyanta ta tashi. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na saba. Sai ta ce, "Raina ya ɓaci, ba ni ɓoye maka. Ba ni minti guda." Ta juya baya, ta dafa mota, ta yi ta jan numfashi. Ban taɓa ganin babba ya yi haka ba, ya ga fushinsa na zuwa ya tare shi a hanya. Da ta juyo ta ce, "Shirun da ka yi da sahe kuskure ne, za mu yi maganarshi ni da kai. Amma abin da ka yi yanzu shi ya tsirar da shanun ga. Na gode."

Na gode! Ni da na ɓata magani! Wallahi sai da na ɗago na dube ta, ko ban ji daidai ba.

Ta kira sauran, muka yi da'ira. Ba ta nuna ni ba. Ta ce, "Akwatinmu ya yi zahi, ba mu yin allura da shi. Ni ma farkon aikina na taɓa barin akwati cikin rana, na kwana biyu ban hwaɗa ba, har yau abin na cina. Duk wanda ya san wani abu ya hwaɗi, ba mai taɓa shi."

Sai shofer ya yi gyaran murya ya ce firigon nan ya fi sati uku yana ɗaukewa, yana jin sa in ya zo ɗaukar makulli. Baba ya tura hularsa baya ya ce robar murfin akwatin ta yage tun bara, ya taɓa faɗa aka ce masa shi ba injiniya ba ne. Ɗayan mai alluran ya ce ai ma ɗora akwati a bayan mota ba rufi shi kansa matsala ne. Kan ka ce me, duk muna magana lokaci guda, abin da ya shekara uku a ciki yana ta fitowa, ita kuwa tana ta rubutawa a bayan hannunta don ba takarda kusa.

Ta dube ni ta ce, "Kai ka san mutanen ga. Ƙaƙa za mu gaya musu?" Na ce a fara da dattijonsu, kuma a faɗi gaskiya. Muka je, tana magana ina juyawa. Ta ce wa dattijon, "Baba, maganinmu ya sha zahi, laihinmu ne. Ka ba mu zuwa azahar." Dattijon ya buga sanda a ƙasa, ya ce tun asuba shanu ke tsaye da ƙishirwa saboda mu. Ta tsaya ya gama faɗansa tsaf, ba ta katse shi ba. Da ya huce ya ce, "Ashe magani na mutuwa? Ba wanda ya taɓa gaya mana. Ku tahi, ɗiyata, mu kai su ruwa mu komo."

Ni da shofer muka faɗa mota. Wannan gudu! Muka shigo Malanville muka tarar manyan motoci masu ƙetarawa zuwa garin Gaya sun toshe titi, shofer ya kutsa ta lungunan bayan kasuwa, tsakanin buhunan albasa da masu kabu-kabu, yana oda yana ba da haƙuri ta taga. Ya san wata mai sayar da kifi a bakin kogi da ke da ƙanƙara manya-manya cikin dusar katako. Ta ji labari ta ce, "Don shanu? Ku ɗiba!" Muka wuce biro muka ɗauko sabon magani daga ɗaya firigon mai kyau da muke ajiye magani, na naɗe akwatin da jiƙaƙƙen buhu, na rungume shi a cinyata a gaban mota. Sanyi na ratsa mini wando, ni kuwa dariya kawai nake yi, shofer na taya ni, ba mu ma san abin da muke wa dariya ba.

Ana kiran azahar muka iso. Muka yi sallah, muka faɗa aiki. Ban taɓa kama shanu da ƙarfi irin na ranar ba. Baba yana allura yana waƙa, shef ta naɗe hannun riga tana tsakiyar garke. Kafin magariba mun gama, ba saniya ko ɗaya da ta tsere. Kawuna ya kawo ƙwaryar nono, muka sha mu biyar a ƙwarya guda.

Washegari ta kira ni, daga ni sai ita, muka yi maganar shirun da na yi, ba zagi, ba kuma sassauci. Daga nan kowace safiya kafin a tada mota sai mu tsaya ta tambayi kowa, "Mi ka gani da bai yi maka ba?" Har ita muna yi mata gyara, ta karɓa.

Yanzu ni ma ina da mutane a ƙarƙashina, kuma abin da ranar ta koya mini shi nake aiki da shi. Tsawa ba ta hana mutum kuskure, ɓoyewa kawai take koya masa. In kana son gaskiya ta iso gare ka da wuri, ka iya karanta fuskar mutanenka, ka iya riƙe fushinka na minti guda, kuma wanda ya kawo maka mugun labari ka fara ce masa ka gode.